Garejin da anka canza min kuruwar distiribusiyo a Yamai: tsada gare su, amma aikin ya yi

Bari in fara da abin da ba zai yi ma wasu daɗi ba, garejin nan ba wurin mai neman araha ba ne. In abin da kake so shi ne a ɗora maka kuruwa sabuwa kan 'yan jikkuna ka tashi motarka kafin la'asar, masu yin haka sun cika gari tun daga Wadata har Talaje, ba sai ka je ka sha ƙurar hanyar Filinge ba. Amma in motarka irin tawa ce, okaziyo da ta gama rayuwarta ta farko a Turai ta biyo jirgin ruwa ta wuce hannun mutum biyu ko uku kafin ta iso gare ka, kuma ba ka da ko guntuwar takarda mai nuna ranar da anka taɓa buɗe gaban injin, to ni dai a ganina abin da suke amsa bai yi yawa ba ga aikin da suke yi.

Motata Peugeot 406 ce birek, wato mai dogon baya, HDi mai shan gazuwal, ta 2002. Da ita nake zirga-zirga tsakanin Yamai da gida Tawa, wajen kilomita 550 ke nan in ka bi ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, wani lokaci da iyali dut a ciki ga buhun albasa a baya in muna dawowa. Ba ciwon komi take ba da na kai ta, bugu ɗaya take tashi, ba hayaƙi ba ƙara. Kuruwar distiribusiyo ce ta kai ni, wadda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce ma taimin bel, don ita wagga ba ta sallama kafin ta tsinke. Birki in ya cinye zai yi ta kuka har ka gaji da ji, batiri in ya tsufa za ka ji dimarar na ja da ƙyar da safe, ita kau yau lahiya lau, gobe kana tsakar gudu inji ya mutu, ka murɗa kile ka ji yana juyawa sakwaf ba nauyi, shi ke nan an gama.

Patron ɗin dattijo ne marar yawan magana. Bayan gaisuwa bai tambayi ko nawa na zo da shi ba, cewa ya yi, "Alhaji yaushe anka canza ta?" Na ce wanda ya sayar min ya ce an canza. Ya ce, "Shi ya canza da hannunshi, ko shi ma ce mishi anka yi?" Daga nan ya leƙa kontar, 190,000 da 'yan kai, sai ya nuna min robar pedal ɗin ambirayaj da ta cinye har ƙarfe ya leƙo, da bolan da ya yi sulɓi wurin riƙo, ya ce motar da ta yi 190,000 na gaskiya ba haka ƙafarta take ba. Kuma ai kowa ya sani, ana yi ma kontar aski kafin mota ta shiga wurin sayarwa, wani tun can waje wani nan gida, don haka lambar da ke kan tablo ba shaida ba ce ga motar okaziyo, ado ce kawai.

Ya sa yaro ya kwance murfin sama na kuruwar, ya haska da tocilar wayarshi ya ce in matso. A idona ni dai kuruwa ce baƙa da haƙoranta cif. Shi ya nuna min bayanta ya yi ƙyalli, rubutun kamfani ya goge sarai ba ko harafi ɗaya, sannan a gindin haƙoran akwai wasu 'yan tsage-tsage sirara da sai ka kawo ido kusa kake ganinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsorata ni da su ba, cewa ya yi ko da ban ga tsagar nan ba ba zan ce maka tana da kyau ba, don ƙarfin kuruwa na cikin zaren da ke cikinta ne, ido ba ya kai can. Ido yana iya ce maka wagga ta mutu, amma ba ya iya ce maka wagga za ta ƙara shekara biyu. Wanda dut ya buɗe murfi ya latsa da yatsa ya ce maka "tahi abinka tana nan garau", canki-canka ya yi da injinka.

Ga wanda bai taɓa leƙa wurin ba, ga abin da ke faruwa a ciki. A ƙasan inji akwai bilburkan da piston ke juyawa, a sama cikin kilas, wato kan inji, akwai arbarakam mai buɗe supap, ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, yana rufewa. Kuruwar nan mai haƙora ita ke ɗaure su wuri ɗaya, na ƙasa ya juya sau biyu na sama ya juya sau ɗaya, ba ƙari ba ragi, haƙori ɗaya in ya tsallake inji ya fara shirme. A irin injina kuma ita ɗin dai ke juya pompon gazuwal da pompon ruwa. To a injin gazuwal wurin ya matse ƙwarai, inda supap ke sauka in ya buɗe nan ne piston ke hawowa jim kaɗan bayan haka, lokaci ne kaɗai ke raba su. A gudun hanya inji na juyawa wajen sau 2,500 a minti, wato kowane piston na hawa sama fiye da sau 40 a daƙiƙa ɗaya. Kuruwa na tsinkewa na sama ya tsaya cak da wasu supap a buɗe, na ƙasa kau yana ci gaba da nauyin mota, kafin ka kai ƙafa ga birki an riga an yi karo. Supap su lanƙwashe, 'yan ƙarafan da ke danna su su karye, in rana ta ɓaci har kilas da piston su samu rabonsu. A kusurwar garejin akwai wani kilas da anka sauke na wata mota da anka jawo daga hanyar Doso, patron ya zaro supap ɗaya ya mirgina shi kan tebur, yana tahiya yana rangaji. Ya ce gyaran wanga zai ci ninki uku ko huɗu na abin da zan biya, ban da kuɗin jawo mota, ban da kwanan daji. Ni tunanina ma ba ga kuɗin ya tahi ba, ga tsakanin Tsarnawa da Badagishiri ya tahi, da rana tsaka cikin watan Afrilu da yara a baya.

Maganar yaushe ya kamata a canza, nan ne munka fi daɗewa, kuma nan ne na ga yawancinmu rabin magana muke riƙe da ita. Kamfanonin mota lamba biyu suke bayarwa, kilomita da shekaru, wanda ya riga cika shi ake bi. Kilomitan ya danganta da inji, wani 60,000 wani 100,000 wani har 160,000, shekarun kuma galibi tsakanin 5 da 10. Mu kau kilomita kaɗai muke ji. Ɗauki motar ma'aikaci ko ta madam da ba ta wuce gida, ofis, makarantar yara, kasuwa, ƙila 5,000 take yi a shekara, wagga sai ta shekara 20 kafin ta cika 100,000, alhali roba ba ta jiran kontar, tana tsufa ko mota na ajiye ƙarƙashin rumfa. Dubi silifas da anka manta a rana wata biyu, ba wanda ya taka shi amma kana lanƙwasawa ya tsage. Sannan lambobin nan manya na mai tuƙi a ƙasar sanyi kan gudoro mai kyau ne, cikin littafin motar kanshi akwai wani layi daban na aiki mai tsanani, zafi, ƙura, gajerun tahiye-tahiye, inji na aiki mota na tsaye, kuma in ka karanta layin nan za ka ga Yamai ce anka siffanta. Afrilu da Mayu zafi na haura 40 har ya taɓa 45, to ƙarƙashin kapo fa? Lokacin hunturu ga ƙura, da damina ga ruwa da laka cikin unguwanni har rabin taya. Ga tsayuwar cunkoso a gadar Kennedy da yamma, ga wanda zai bar inji da kilim a kunne yana jiran madam ta fito daga biki, dut wannan kuruwa na juyawa kontar bai ƙirga ko mita ɗaya ba. Ƙa'idar patron ga motocin da ke zuwa wurinshi ita ce 80,000 ko shekara 5, sai in littafin motar ya faɗi ƙasa da haka a bi littafi. Ra'ayinshi ne ba aya ba, wani zai ce ya cika tsoro, ni dai na ɗauka. Motar okaziyo marar takarda kau ya ce ba lissafi a kanta, ranar da ka saya ka canza, daga nan ka fara ƙirga naka.

Akwai kuma abin da ke kashe ta tun lokaci bai yi ba. Man inji in yana tsatsa daga juwan sipi, wato zoben robar da ke tare mai kar ya fito, yana sauka a kanta yana cinye robar, haka ruwan radiyata in pompo ya fara yoyo. Sai murfi. Wallahi ka duba motoci nawa ke yawo a garin nan murfin ƙasa babu, wani makanise ya kwance ya ga maida shi wahala ne ya jefar, kuruwa na shan yashi tsirara, tsakuwa ɗaya ta faɗa tsakanin haƙori da puli, tayar ƙarfen da kuruwa ke hawa kai, ta isa.

Ba kowace mota ke da wagga damuwa ba fa, kar wani ya karanta ya ruga gareji a karɓe mishi kuɗi a banza. Wasu injuna sarƙa gare su ta ƙarfe da ke cikin mai, ba ta da ranar canji, ita bidanj kan lokaci take so, in ta saki kuma tana faɗa maka da ƙara da safe. Tsohuwar Mercedes 190 sarƙa ce. Corolla ta isansi mai VVT-i, tun daga wajen 2000 zuwa sama, sarƙa ce, amma tsofaffin Corolla na shekarun 1990 da Starlet, irin waɗanda 'yan taksi masu jan kai ke fama da su, kuruwa ce, haka Carina E. RAV4 ta farko kuruwa, wadda ta biyo ta ta isansi sarƙa. Camry mai silinda huɗu daga 2002 sarƙa, amma V6 na wancan zamanin da tsohuwar Highlander V6 kuruwa. Kuma masu motocin Amurka ku kula, kontar ɗinku mil yake ƙirgawa, in ya nuna 100,000 to 160,000 ke nan a kilomita, na ga mai Highlander a wurin ana yi mishi wanga lissafi yana ta salati. Wasu daga cikin tsofaffin injunan Toyota na isansi suna da sauƙin kai, in kuruwa ta tsinke piston ba ya kai ga supap, mota ta tsaya kawai a ɗora wata a ci gaba, shi ya sa za ka ji ɗan taksi na cewa tashi ta tsinke sau biyu ba abin da ya faru, ka ɗauki maganarshi ka kai kan Peugeot ko Golf ko wata mai gazuwal ka kwana ciki. Hilux da Hiace masu gazuwal na da, da Land Cruiser mai injin 1HZ, kuruwa ce, Toyota ma ta sa musu fitila a tablo mai rubutun T-BELT, a tsofaffin tana kamawa a 100,000, a Vigo kuma 150,000. Sai dai fitilar nan ba ta ganin kuruwa, kontar kawai take bi, kuma ana kashe ta cikin minti biyu ba tare da an taɓa inji ba, don haka in direbanka ya dawo ya ce an canza ga fitila ta mutu, ce mishi ya kawo tsohuwar. Hilux sabuwa mai injin GD, tun daga 2015, ta koma sarƙa. Su kuma Peugeot masu injin 1.2 PureTech mai kuruwa, irin su 208 da 2008 da 3008, kuruwarsu cikin mai take wanka, in ta fara ruɓewa ɓarɓashinta na toshe hanyar mai, patron ya ce su kam ko man da ba nasu ba bai yarda a zuba musu.

Sai maganar piyes, inda munka ɗan ja da shi. Ni da niyyar kuruwa kaɗai na zo. Ya ce shi bai ɗora kuruwa sabuwa kan tsohon gale, wato 'yar tayar da ke ɗaure kuruwa tana bi ta kanta, da tsohon pompon ruwa, in haka nake so in kai wani wuri ba fushi. Na ce Malam ai wannan tilas ce, ya ce e tilas ce, don ranar da gale ya kama ya yanke sabuwar kuruwa ba za ka ce gale ba ne, cewa za ka yi garejin wane ya kashe min inji. Hujjarshi dai ba ta da wuyar ganewa, yawancin kuruwar da ake cewa ta tsinke ba ita ta fara ba, gale ne ya bushe ko pompo ya saki, kuma wahalar da za a sha a kai ga pompo ita ce dai wahalar kai ga kuruwa, to don mi za a biya kuɗin hannu sau biyu. Ya ba ni zaɓi, ko in sayo da kaina ko ya aiki yaronshi mu tahi tare. Munka tahi tare. A kanti anka fito muna da kwali uku, farashi uku, biyu daga ciki dut Gates anka rubuta a jiki amma ɗaya bai kai rabin kuɗin ɗayan ba. Yaron nan, wanda bai fi shekara ashirin ba, ya buɗe ya duba rubutun bayan kuruwa ya goga da babban yatsa, na mai arahar fentin ya biyo yatsa, ya duba gefen ya ga zare na leƙowa, ya juya gale kusa da kunne, ya ƙirga haƙora ya gwada da lambar da patron ya rubuto mishi a guntun kwali, sannan ya ce, "Baba wanga za mu ɗauka." Sunayen da anka sani dai su ne Gates da Dayco da ContiTech, ga motocin Japan kuma Mitsuboshi da Aisin, gale kau INA ko SKF ko Koyo, amma suna a kwali ba komi ba ne yanzu, jabu ya yi yawa, kuma tun da hanyar Kwatano ta rufe a 2023 kaya sunka koma zagayowa ta Lome da Burkina kuɗin piyes bai sake zama yadda muka saba ba, wanda ya ƙara ma jabun kasuwa. Wani abu kuma da ban taɓa kawowa a rai ba, ya ƙi wani kwali don ya ga ya koɗe, ya ce wagga ta daɗe a kanti ƙarƙashin kwano tana shan zafi, sabuwa ce a suna kawai.

Aikin kanshi a gabana anka yi, ba su hana mai mota tsayawa in dai ba ka cika surutu ba. An ɗaga gaba, an cire tayar dama da robar da ke bayanta, an tallabe inji da kirik da guntun katako sannan anka kwance sipor, ƙafar da inji ke zaune a kai, don a 406 sai an yi haka ake samun hanya. Abin da na zo in gani shi ne kalaj, wato daidaita bilburkan da arbarakam wuri ɗaya kafin a sauke kuruwa a ɗora sabuwa. Wurare da yawa da fenti ko farin alli suke yin alama a puli su ce bismillah, nan kau patron ya fito da wasu 'yan ƙusoshi daga cikin gwangwani, ya soka ɗaya ya kulle bilburkan ta baya, ɗaya a pulin arbarakam, ya girgiza ya tabbata ba mai motsi, sannan ya yarda anka sassauta gale. Da tsohuwar kuruwa ta fito ya juya cikinta waje ya lanƙwasa, tsagar da muke gani sirara dut sunka buɗe baki a gindin kowane haƙori. Tsohon gale da ya juya shi da yatsa sai ya yi ta gudu yana shuuu, ni na ɗauka alamar lahiya ce, ashe man cikinshi ne ya ƙare, sabon da ka juya yana tsayawa nan take shiru. Pompo kau da ya kama shi ya girgiza yana ƙwas-ƙwas, ga wani farin gishiri-gishiri ya bushe a ƙasanshi inda ruwa ke tsatsa, ƙarfen ciki ya yi ja da tsatsa saboda ruwan pampo da ake ta ɗura ma radiyata. Juwan sipi na ƙasa ya fara jiƙa, anka canza shi shi ma tunda an riga an kai wurin. Bayan an ɗora sabuwa bai bari an taɓa kile ba, da hannu ya juya inji zagaye da yawa, ya maida ƙusoshin nan ya ga sun shiga ba gardama, ya sake duba ɗaurin ya ƙara gyarawa ya sake juyawa. Kuruwa in ta yi tauri da yawa tana kuka tana cin gale da pompo, in ta yi sako-sako tana tsallake haƙori. Na lura bai da na'urar auna ɗauri da kamfani ya ce a yi aiki da ita, da yatsa da kunne yake yi, wannan kam na rubuta mishi a gefen rashi ko da yake hannun ya saba. Murfi dut an maida, har ƙusa ɗaya da ta ɓace tun da can ya nemo wata ya sa.

To ga inda ba su kyauta ba. Lokaci ba ya da daraja a wurin nan. An ce min in zo da sassafe zan tahi da azahar, ban bar wurin ba sai bayan magariba, don patron ba ya yarda yaro ya yi kalaj shi kaɗai kuma shi ɗin mota uku yake bi lokaci ɗaya, ga masu zuwa gaisuwa, ga waya. Wurin zama benci ɗaya ne ƙarƙashin bedi, inuwar na gudu kana bin ta, ruwan sha sai ka aika. Yaran sun bar min baƙin mai a bolan da kujera da hannun ƙofa, ko leda ba su shimfiɗa ba, kuma sun karya maƙalin robar bayan taya sunka ɗaure da waya ba wanda ya faɗa min, sai da na kai wanki na gani. Da na koma na yi magana patron ya ba da haƙuri ya yi ma yaron faɗa a gabana, wanda ni ba shi na nema ba, maƙali na nema, har yau dai wayar ce a wurin. Likid ɗin radiyata kuma sun sa min shi sama da yadda ake sayarwa a kanti, in za ka je sayo naka ka riƙo.

Kuɗi: kit na kuruwa da gale biyu da pompo jika 75, juwan sipi jika 6, kuruwar waje ta altanata da ita ma ta tsattsage jika 12, likid jika 8, kuɗin hannu jika 30, jimla jika 131. Wani wuri da na fara tambaya jika 35 anka ce min har da kuruwar, ka ga tazarar ba kaɗan ba ce, kuma na san akwai wanda jika 35 ɗin ce ƙarfinshi, ban ga laifinshi ba, sai dai ya san abin da ya saya, kuruwa ce kaɗai kan tsofaffin kaya, ya rage tahiyar nesa da ita har ya samu halin sauran. Na nemi ragi a kuɗin hannu, ko dala bai sauka ba. Amma ya ba ni faktir da hatimi, ya rubuta lambar kit ɗin, ya zuba min tsofaffin kayan cikin kwalin sababbin ya ce in tahi da su, sannan ya rubuta kwanan wata da kilomita da farin fenti a kan murfin kuruwar, ya sake rubutawa a cikin littafinshi. Garanti na baki ne, wata shida kan aikin hannu, piyes kau tsakaninka da mai kanti. Ya ce in dawo bayan na yi kamar kilomita 1,000 ya saurari inji, na koma bayan na je Tawa na dawo, ya buɗe murfin sama ya duba ya leƙa ƙasa ko akwai yoyo, bai amshi komi ba.

Ga wanda zai je, aikin inji ne ƙarfinsu, Peugeot da Toyota da Volkswagen na ga sun fi yawa a wurin. Wuta da kilim ba su taɓawa, za su tura ka wani wuri, motocin zamani masu son a sa musu kwamfuta ma na ga yana maida wasu. Kar ka je ranar da kake da tahiya washegari, ba su mota kwana biyu kafin nan don ka samu ka zagaya gari da ita ka ji ko akwai ƙara ko yoyo. Ranar Juma'a suna rufewa tun kafin azahar, Litinin kuma cika take yi, Talata ko Laraba da sassafe ta fi, ka zo da katin motarka don lambar shasi yake dubawa kafin ya faɗi irin kit ɗin da za a sayo.